Ɗamarar Da Is'haƙa Ya Ƙi Kwancewa

Akwai wani magini a Dogon Dutsi mai suna Is'haƙa, mutumin Dumega. Shekararsa goma sha bakwai yana gini. Yana da wata ɗamarar tsaro da ya sayo a Yamai, mai igiya da ƙugiyar ƙarfe. Ba ya hawa sama sai ya ɗaura ta, ya maƙala ƙugiyar a ginshiƙi.

Ba haka kawai ya fara ba. Wansa Rabilu daga saman gini ya faɗo, yau shekara shida ke nan yana kwance a gida, ƙafafu ba sa motsi.

Sai aka ɗauke shi aikin wani bene mai hawa uku na Alhaji Ma'azu, ɗan kasuwa. Shugaban ma'aikatan wurin, wanda suke kira shef, sunansa Ɗayyabu. Mutum ne mai gaggawa da faɗa. Katakan da ake tsayawa a kai tsofaffi ne, an ɗaure su da waya, babu ko sandar dafawa a gefe.

Ran farko da ma'aikata suka ga Is'haƙa da igiya, suka fashe da dariya.

Wani ya ce, "Ga akuyar Dumega, an ɗaure ta ga turke!"

Is'haƙa ya ce, "Ku yi ta dariya. Ni na san abin da na gani gidanmu."

Ɗayyabu kuwa abin haushi yake ba shi, don duk matsawar da Is'haƙa zai yi sai ya tsaya ya sauya wa ƙugiya wuri. Wata Talata da hantsi, ana shafen siminti a hawa na uku, Ɗayyabu ya ɗaga murya daga ƙasa.

"Kai, Is'haƙa! Kwance abin ga, kana ɓata muna lokaci!"

"Shef, ba ni kwancewa."

"Ba ka da tawakkali? In kwananka ya ƙare, igiya na hana ka mutuwa?"

"Allah da Ya ba ni rai Shi ya ba ni hankalin tsaron shi. Kore ni in kana so, amma ba ni kwancewa."

Ran Ɗayyabu ya ɓaci. Ya hau tsani a fusace, ya taka katakon da Is'haƙa ke tsaye, ya miƙa hannu zai cire ƙugiyar da kansa. Nauyin mutum biyu da bokitin siminti ya yi wa katakon yawa. Sai aka ji ƙas, katakon ya karye!

Bokiti ya tarwatse a ƙasa. Is'haƙa ya yi lilo a jikin igiya, Ɗayyabu kuma ya rungume ƙafarsa da hannu biyu yana salati.

"Kar ka shure ni, don Allah! Ina da ɗiya huɗu!"

"Riƙe da kyau, shef. Kada ka dubi ƙasa."

Ma'aikata suka ruga sama, suka jawo su ta taga. Ƙugun Is'haƙa ya gurɗe, sai da ya yi mako biyu yana ɗingishi.

Alhaji Ma'azu ya zo har gida duba shi, ya ce in ya warke ya koma aiki. Is'haƙa ya ce, "Alhaji, na gode. Amma ba ni komawa sai an sa sabbin katakai da sandar dafawa, kowane ma'aikaci kuma ya samu tashi ɗamara."

Alhaji ya ɓata fuska, ya ce magina ba su ƙare a Dutsi ba. Washegari ya je wurin ginin, ya tarar babu kowa a sama. Ma'aikatan duka suna zaune a ƙasa, Ɗayyabu a gabansu.

Ɗayyabu ya ce, "Alhaji, ni na rataya can sama, na ga ƙasa da idona. Babu mai hawa."

Kwana tara ginin yana tsaye kafin mota ta iso da kayan.

Darasi: Kiyaye rai ba tsoro ba ne, kuma bai saɓa wa tawakkali ba. Kada dariyar abokai ko tsawar shugaba ta sa ka hau inda ka san ba shi da aminci. In kana da ɗan'uwa magini, tura masa wannan yau, kafin ya hau gini gobe.