Ƙarar da Ƙuda Ya Kai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo, muna ji.

Wani manomi ya gina wa Ƙuda ɗaki, kullum yana zuba wa 'ya'yansa, tsutsotsi, dusa. Ƙuda sarkin fankama ya cika gari cewa an san darajarsa. Ran nan ya tarar an kwashe 'ya'yan nasa an watsa wa Kaza.

Ya fusata: "Ke Kaza, 'ya'yana ne fa! Ashe don cikinki ake kiwonsu?"

Kaza ta haɗiye, ta ce, "Hatsi ya yi tsada, maƙwabci."

"Allah ya isa! Sai na kai ƙara wurin maigida!"

Ya je ya tarar maigida, wato manomin, na wasa wuƙa, yana tambayar wace kaza ta fi ƙiba. Nan Ƙuda ya gane ashe duk kiwon nan don cikin maigida ake yi, babu wurin kai ƙara. Har yau Ƙuda murza hannu yake don takaici.

Ƙurunƙus, na sauke ta kan ɗan ɓera!