Ƙwayoyin da Aka Zubar a Maƙabarta

An yi wani mutum a wani gari can baya, bawan Allah, sunansa Barmo. Haƙar kabari ce sana'arsa, kuma ba ya cikin waɗanda ake jin bakinsu a taro. Ku saurara da kyau.

Aka sami zinariya a bayan garin. Maza su haƙo dutse, mata su daka shi a turmin hatsi, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Sai kaji suka fara mutuwa. Daga kaji sai yara. Yaro yana cikin wasa sai ya sanƙare, ido ya kafe a sama, ya daina gane uwarsa. Gari ya yi tsit, rana tsaka ba ka jin ko kukan jariri. Aka ce aljanun dutse ne.

Wata likita ta zo ta auna jinin yaran. Ta ce, "Cuta biyu ce. Akwai tsutsar ciki, akwai kuma gubar dalma daga dutsen nan." Ta ba da magani iri biyu. Na tsutsa sau ɗaya ake sha. Na wanke dalma daga jini kuwa sai an jera kwanaki, ga wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ta ce a daina daka a gida, za ta dawo.

Aka sha na farko, tsutsotsi suka fito, kowa ya gani da idonsa. Aka yi ta murna, ai ga cutar nan ta fita! Na biyun fa? Ba a ga ya fitar da komai ba. Mutane suka kwashe ƙwayoyin suka watsar a maƙabarta, suka koma daka.

Barmo dai bai huta da haƙa ba, kuma kaburburan duk gajeru ne. Kullum sai ya tarar da ƙwayoyin nan a tsakaninsu, ko tururuwa ba ta kusantar su. Ya riƙa tsincewa yana tarawa a ƙwarya.

Ranar dawowar likita, mai unguwa ya tara mutane. Ya ce kowa ya ce ana shan magani, an daina daka, in ba haka ba hukuma za ta rufe ramin zinariyar. Ya dubi Barmo. "Kai ma ka ji ko?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Likita ta tambaya, gari ya amsa da baki ɗaya cewa ana sha, an daina daka. Sai ga Barmo ya dire ƙwarya a gabanta, ko da yake wallahi tsoro yake ji. Ya ce, "Likita, ga maganinki, ba a sha. Dakan ma ana yi, har a gidana. Ni nake sa yaran nan a ƙasa, kuma na gaji."

Aka rufe ramin, aka kankare ƙasar gidaje, aka riƙa ba yara maganin a gaban likita. Yara suka fara tashi. Barmo kuwa, har ya koma ga Allah ba a ƙara amsa masa sallama ba, har da iyayen yaran da suka rayu. Wannan abu yana ƙona min rai.

Jama'a, mai gaskiya shi ne wanda ya faɗe ta ranar da za ta raba shi da kowa. Sannan kowa ya dubi kansa. Kakan bar laifin da mutane ke gani, sai ka ce ka warke. Hassadar da ke yawo a jininka fa? Maganinta kullum ake sha, ba daɗi, kuma babu mai ganin fitarta balle ya yaba maka. Ka daure ka sha, ɗan'uwa, don wadda ba a gani ɗin ita ke kisa.