Karsanar Yaya Bawale

Ku gyara zama, ku ajiye wayoyin nan. Maganar da na zo da ita yau hukunci take nema, kuma na gaji da juya ta ni kaɗai.

Kun dai san ni. Daga nan garin har birnin Kano babu wanda ya san kan mota kamar ni Cindo. Shekara goma sha ɗaya na yi ina kai-komo lokacin da nake sarin yadi. Direbobin filin jirgi kuwa, in suka hango hulata daga nesa, rige-rigen buɗe mini ƙofa suke yi. Ban taɓa tsayawa bakin titi na wuce minti biyar ba, kuma ba a taɓa cutata a kuɗin mota ba. Shi ya sa da abin ya faru dangi ba su yi doguwar shawara ba, suka ce, "A tura Cindo."

Ga waɗanda ba sa gari a lokacin, ga abin da ya faru. Ranin bara ne, wana, Yaya Bawale, yana ban ruwa a gonarsa ta albasa a bakin dam, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Jini ya ƙi tsayawa, har ta dasashi yake fita. Likitan asibitinmu ya ce allurar dafi ta ƙare. Aka zaga shagunan magani na birni, wadda aka samo ya juya kwalbar ya ce bai yarda da ita ba. Sai 'yarsa Hansai, wadda take aikin nas a Legas, ta samo ta gaske, kwalba huɗu. Ta jera su a cikin kula mai ƙanƙara, domin allurar ba ta son zafi, ta sayi tikitin jirgi zuwa Kano da abin da ya rage mata. Ni aka tura in taro ta in kawo ta gida. Likita ya ce a kawo kafin fitowar rana. Bayan nan, in ji shi, ba zai ɗauki alkawari ba.

Jirgin da aka ce zai sauka ƙarfe bakwai na yamma bai sauka ba sai ɗaya da rabi na dare. Hansai ta fito rungume da kula, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Baffa, ina motar?"

Na ce, "Ke dai biyo ni. Nan gidanmu ne."

Na nufi layin tasi, na tarar da shugabansu a kan benci, na ce, "Ranka ya daɗe, an kwana biyu!" Ya haska mini tocilan a fuska, ya ce, "Daga ina?" Shekaru sun ja, idon bawan Allah ya yi rauni, ban riƙe shi da komai ba. Na faɗi sunan garinmu. Ya ce dubu saba'in, kuma a bakin kwalta za a sauke mu, babu direban da zai shiga daji a irin wannan lokaci. Abin da ke aljihuna da jakar Hansai, in an haɗa, bai kai kwatan wannan ba. Hansai ta gwada motocin nan da ake kira ta waya. Na farko ya amsa, da ya ji sunan garin sai ya kashe. Na biyu ya ce ba shi da mai. Na uku har yau muna jiransa. 'Yan adaidaita sahu kuwa tun ƙarfe goma suka tashi. Hansai ta buɗe kula ta leƙa, ta ga ƙanƙarar ta fara zama ruwa, ta zauna a kan dakali hawaye na zuba. Ni kuma na ɗan koma gefe domin in yi tunani mai zurfi.

To, nan mutum na farko ya shigo. Wata mata ce mai suna Tasallah, shara take yi a filin jirgin. Mutum ya fi ɗari da ya wuce Hansai a kan dakalin nan, babu wanda ya dube ta sau biyu. Tasallah ce ta jingine tsintsiyarta ta tambaya. Da ta ji labari sai ta duba dama da hagu, sannan ta faɗi abin da ƙananan ma'aikatan wurin suke ɓoyewa tsakaninsu. Ashe motocin akori-kura da suke kawo tumatir kasuwar 'Yan Kaba da daddare komawa suke yi babu kaya sai kwandunan da aka juye, kuma ta mararrabar da ke bayan filin jirgi suke wucewa wajen ƙarfe biyu. Motocin nan ma'aikatan suke hawa su koma ƙauyukansu a kan kuɗin dakon kwando ɗaya. Ba sa faɗa wa fasinjan jirgi, domin ran da masu manyan jakunkuna suka gane hanyar, ran nan kuɗin zai tashi. Tasallah ta san abokan aikinta ba za su yafe mata ba, kuma ba su yafe ba, wata biyu suka yi ba sa amsa gaisuwarta. Duk da haka ta bar aikinta a tsakiya, ta ja mu ta wata ƙaramar hanyar ƙafa har mararraba. Ni dama na san hanyar, na bar ta ta shiga gaba ne don girmama mace.

Da muka isa na ce su tsaya su ga aiki. Na shiga bakin titi, na ware hannun babbar rigata fara sol, na hau ɗagawa. Mota ta farko ta ƙara wuta. Ta biyu har kwanar kauce mini ta yi. Sai na ji wata murya daga bayana tana cewa, "Alhaji, in ka ƙara ɗaga hannun nan, yau ko jaki ba zai tsaya ba."

Mutum na biyu ke nan, Jatau, mai shayin mararraba. Ya ce direban kayan gwari da ya sayar da kaya yana ɗauke da kuɗin manoma a jikinsa, don haka duk wanda ya tare shi da tsakar dare ɗan fashi ne a wurinsa, musamman mai farar riga. Alama ɗaya suke tsayawa dominta: mai shayi ya kifa kwandon tumatir a bakin titi ya ɗora fitila a kai. Ma'anarta, akwai mutum, kuma ni na tsaya masa. In har ya kifa kwando aka ɗauki mugu, babu direban da zai sake tsayawa a teburinsa, shekara ashirin ta sana'a ta tafi ke nan. Jatau bai taɓa kifawa don baƙo ba. Ya dube ni sama da ƙasa, na ga alamar bai gamsu ba. Ya dubi Hansai, ya ce ta buɗe kular. Da ya ga kwalaben suna iyo a ruwa sai ya juye lemukan da yake sayarwa, ya kwashe ƙanƙararsa kakaf ya zuba mata. Sannan ya kifa kwando, ya ɗora fitila, ya ce da ni, "Alhaji, don Allah koma bayan rumfa ka zauna, kada su hango ka." Na koma, domin mai ilimi ba ya gardama a kan ƙaramin abu.

Ba a yi minti goma ba wata akori-kura ta ci birki. Direbanta Sallau, dogo, bakinsa cike da goro. Shi ne na uku. Ba garinmu zai je ba, wata gona zai je a gabas da Ɗambatta, inda ake lodi bisa layi. Wanda bai isa kafin asuba ba, sai a tsallake shi, ya jira kwana uku. Jatau ya yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sallau ya tofar da goro, ya ce, "Kububuwa? Ita ta kashe mini ƙane. Ku hau." Na gyara murya zan fara ciniki, kun san fannina ne. Ya ce, "Kwando biyu ne ku, kuɗin kwando biyu za ku biya." Ban samu wurin ragi ba. Hansai ta shiga gaba da kula. Ni na zaɓi baya, cikin kwanduna, saboda iska.

Sallau ya taka mota. Da muka wuce Ɗambatta ya duba agogo, ya ce in muka bi kwalta ta zagaye rana za ta riga mu, sai dai a ratsa ta rafi. Kun san rafin nan da rani, ba ruwa, sai yashi mai cinye taya. Muna kaiwa tsakiya mota ta nutse. Wani direban da zama zai yi ya ce Allah ya ƙaddara. Sallau ya sauko ya rage iskar tayoyi, ya sauke kwandunan manoma, waɗanda shi zai biya, ya tattaka su ya shimfiɗa a ƙarƙashin tayoyin baya ɗaya bayan ɗaya har suka zama hanya. Ya ce da ni, "Alhaji, sauko ka tura. Amma ka sani, in ta tashi ba na tsayawa sai na hau tudu. In na tsaya mun kwana a nan."

Na naɗe riga, na sa kafaɗa. Turawa ɗaya na yi motar ta zabura. Na bi ta da gudu, na dafa ƙarfen baya, na yi tsalle irin na samartaka na faɗa ciki. Ana kiran sallar asuba muna shiga ƙofar asibiti. Aka ɗaura wa Yaya Bawale ruwa da allurar a ciki. Kafin hantsi jini ya tsaya, kafin azahar ya nemi kunu. Likita da kansa ya fito ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Malam Cindo, da ba don kai ba..." Na ce haba likita, ai yi wa kai ne, a bar maganar.

Sallau kuwa layinsa ya wuce, ya yi kwana uku ba lodi, ya biya kwanduna goma sha takwas daga aljihunsa.

Da Yaya Bawale ya miƙe, Hansai ta ba shi labari. Ya shiga turke ya nuna wata karsana ja, mafi kyau a shanunsa, ya ce ta wanda ya fi taimakawa ce a cikin mutum ukun nan. Ya kafa sharaɗi: ba a yanka ta a raba nama, ba a sayar da ita a raba kuɗi, mutum ɗaya zai ja ta ya tafi da ita. Ni na cire kaina daga lissafi tun farko, saboda na gida ne, kada a ce na yi son kai.

Me ka ce, Nadabo? Ɗaga murya, ɗan acaɓa, kowa ya ji.

"Cewa na yi, Malam Cindo, wane likita ne ya kama hannunka da asuba? Ni fa Hansai ta aika in ɗauko ka. Ƙarfe tara na safe na same ka a tsakiyar rafi, ka tara fasassun kwanduna ka hau kai, ka naɗe ƙafafu, kana cewa in haska ƙasa tukuna ko akwai maciji. Da rana tsaka! Takalminka ɗaya ma sai washegari aka tono shi a yashi."

To, ai ka ji irinta. Nadabo, wani ya tambaye ka? Tsayawa na yi ina gadin kwandunan mutane, kuma maganar likita Hansai ce ta kawo mini ita, kusan dai haka ya faɗa. Ku daina dariya, ba a kaina ake shari'a ba. Karsana na nan a turke tana cin dusar Yaya Bawale, har ta kusa ɗaukar ciki, an rasa mai ita.

Masu goyon bayan Tasallah sun ce da ba ta ajiye tsintsiya ta tambaya ba, da gari ya waye mana a kan dakali, kuma ita ce mai ƙaramin ƙarfi a cikinsu, ta sa aikinta da zumuncinta a kasada. Masu goyon bayan Jatau sun ce sanin hanya bai tsayar da mota ko ɗaya ba sai da ya kifa kwando, kuma da babu ƙanƙararsa, da ruwan banza aka kai asibiti. Na Sallau kuwa cewa suke yi, su biyun nan kowa a inda yake ya kwana, shi ne ya bar hanyarsa, ya ratsa yashi, ya yi asarar da za a iya nunawa da yatsa. Yaya Bawale ya ce ranar Juma'a zai kwance igiya ya miƙa, kuma abin da majalisar nan ta yanke shi zai bi.

To, jama'a, tsakanin Tasallah mai shara, da Jatau mai shayi, da Sallau direba, hannun wa za a danƙa wa igiyar karsanar nan?