Saƙon Muryar da Ya Ɓata Hanya

An yi wani mutum, bawan Allah, a wata jami'a da ba sai na ambaci sunanta ba. Sunansa Rufa'i. Ɗalibi ne shiru-shiru, Allah Ya jarrabe shi da i'ina.

Wata rana malami ya tsayar da shi gaban aji ya yi bayani, harshe ya sarƙe. Wani ɗan ajinsu, Nazifi, ya ɗaga waya ya ɗauke shi bidiyo, ya haɗa da kiɗa, ya jefa a gurup ɗin aji. Kafin la'asar abin ya zaga makaranta. Duk inda Rufa'i ya wuce sai ya ji ana kwaikwayonsa a bayansa. Ya daina zuwa kantin abinci. Wallahi 'yan'uwa, abin ya ci masa rai, har ya fara tunanin haɗa kayansa ya koma gida.

To ku saurara, nan ne jarrabawar take.

Wata rana Rufa'i yana zaune a ɗaki da abokin zamansa Sadisu, sai ga saƙon murya daga Nazifi. Ya kunna a bayyane. Ashe Nazifi yana da wa, shi ma sunansa Rufa'i, hannu ne ya kuskure. Kuka yake yi: "Yaya, ciwon nan ya dawo. Ba na barci. Likitan ƙwaƙwalwa ya ƙara mini magani. Don Allah kada kowa ya ji, mahaukaci za su ce da ni."

Can sai Nazifi ya farga ya goge saƙon, amma wayar Rufa'i irin wadda ba ta sakin saƙo ce ko da mai shi ya goge.

Sadisu ya miƙe tsaye. "Allah ne Ya kama maka shi. Tura gurup."

"Ba ni aka aiko wa ba."

"To turo mini, ni zan saka. Ba ruwanka."

Kada ku ɗauka Rufa'i mala'ika ne. Yatsansa ya kai kan alamar turawa. Ya tuna dariyar nan, ya tuna 'yan matan da suka rufe baki da mayafi. Zuciya na ce masa danna, sau ɗaya tak, gobe kowa ya manta da kai. Sai ya kife wayar, ya sa Sadisu ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, sannan ya jefa ta aljihu, ya sa takalmi ya fita.

Ya sami Nazifi a bayan ɗakin karatu, yana ta duba gurup, zufa ta jiƙa masa riga. Da ya ga Rufa'i sai ya ce:

"Wa ka tura wa?"

Rufa'i ya daɗe kafin maganar ta fito, ya miƙa masa wayar. "Ba kowa. Goge da hannunka. Sadisu ya ji, amma na sa shi ya rantse."

Nazifi ya goge, ya sunkuyar da kai. "Me kake so in yi maka?"

"Yaushe za ka koma asibitin? Bai kamata ka riƙa zuwa kai kaɗai ba."

Nan Nazifi ya rushe da kuka.

Ba zan yi muku ƙarya in ce bidiyon Rufa'i ya ɓace ba. Wanda ya saka shi ma ya kasa dawo da shi, yana nan a wayoyin mutane.

Jama'a, sirrin da ya faɗo hannunka amana ne, ko da na wanda ya zalunce ka ne. Ku da kuke zaune nan, kowa da waya a aljihu, ni ma da tawa. A cikinta akwai hoton wani, akwai muryar wani, akwai asirin wani da yake kwana da fargaba. Kafin ka danna turawa, ka tuna yatsan nan zai ba da shaida ranar da bakinka ba zai iya magana ba. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu rufa na 'yan'uwanmu.