Shekarar Fara a Tudun Maje

Ku gyara zama. Wannan daga bakin kakana na ji ta, ku ne kuma za ku yanke hukunci.

A zamanin da ayari ke ratsa Sahara, fara ta cinye gonakin Tudun Maje ƙaf, har mutane suka koma cin ganyen tafasa. A garin akwai wasu fatake uku, aminan juna, kowa da ra'ayin da ya ɗebo a tafiye-tafiyensa. Kullum cikin musu suke.

Barmo ya daɗe a Turabulus, inda ya ji 'yan kasuwa na cewa ciniki ba ya son takura. Ya faɗi gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, kuɗin ƙofa ne ke korar masu hatsi. A janye shi, a bar mai saye da mai sayarwa su daidaita." Dagaci ya amince. Kafin mako biyu jakuna suka cika kasuwa da gero.

Sai dai talaka ba shi da abin saye. Jatau ya taɓa yin dako a bakin teku a Ikko, ya dawo da aƙidar cewa arzikin gari gumin kowa ne. Ya fara juye nasa hatsin, ya bi masu hali gida-gida, aka kafa rumbu ɗaya na gari. Aka fara haƙa wa gari sabuwar rijiya, wanda ya fito aikin a auna masa hatsi, gajiyayye a kai masa har gida.

Can masu rabo suka fara fifita danginsu, masu bayarwa suka ja hannu, rumbu ya kusa wofi. Tanimu ya zauna a Masar, ya ji ana maganar majalisar wakilai. Ya ce kowace unguwa ta zaɓi nata mai ido a kan rabo, har mata da bayi. Dattawa suka ce, "Bawa ya zauna da mu?" Tanimu ya ce, "Shi ma da cikinsa." Nan take ya 'yanta bayinsa biyu. Aka yi zaɓe, awo ya koma bainar jama'a, hatsi ya ci gaba da shigowa.

Har kaka ta zo yunwa ba ta ƙara kashe kowa ba. Wata tsohuwa, Kande, ta tare su ukun tana hawaye, ta ce, "'Ya'yana, jikokina huɗu suna raye saboda ku. Allah ya yi muku albarka."

Gari ya ce za a sa wa rijiyar sunan ɗayansu. Kowannensu ya nuna ɗan'uwansa.

To, jama'a, sunan wa ya kamata a sa?