Ƙoƙon Kunun Muzuru

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekarar yunwa, dabbobin da ke salla a gindin tsamiya suka haɗu suna ciyar da mabuƙata don Allah. Malam Kunkuru ke rabon kunu, Zabuwa kuwa ta sa kanta kaiwa gida-gida.

Ran nan ya miƙo mata ƙoƙo. "Wannan na Muzuru ne. Tsufa ya kwantar da shi."

Zabuwa ta ja da baya. Muzurun nan shi ya cinye mata uwa bara, gashin fiffike kaɗai ya bar mata ta binne.

"Baba Malam, har da shi?"

"Mai yunwa muke nema, 'yata. Yana cikinsu."

A hanya ta gamu da Kurege. Ya ce, "Ke dai sakarai ce! Tuttular da shi a rami, ki ce ya sha. Wa zai sani?"

Ta karkata ƙoƙon har kunu ya zo baki. Sai ta tuna waɗanda suka rage cikinsu suka ba da geron nan. Ta daidaita shi, ta wuce.

Ta yi sallama, Muzuru ya ɗago da ƙyar. "Yarinya, kin gane ni kuwa?"

"Na gane ka, kuma ban yafe ba tukuna. Amma kunun ba nawa ba ne, amana aka ba ni. Sha kafin ya huce."

Ya kasa ɗaga ƙoƙon, sai ta riƙe masa har ya shanye, hawayenta na ɗiga a ƙasa.

Washegari ita ta riga kowa zuwa. "Baba Malam, ina na Muzuru?"

Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɗan ɓera.