Dalilin da Ya Sa 'Yan Matan Rafin Kanya Suke Ɗan Dogara Ƙafa

Dalilin da ya sa 'yan matan Rafin Kanya suke ɗan dogarawa idan suna tafiya, kamar wani zare ya riƙe musu diddige sannan ya saki, ba ciwo ba ne, ba kuma yanga ba ce. Ku matso ku zauna. Ke Ladidi, daina gwadawa, za ki faɗi. Abin ya samo asali ne daga wata mata mai suna Balaraba, da wani allon talabijin da lissafinsa ya saɓa da na mijinta.

A da, matan garin nan tafiyarsu sumul take kamar ta kowa. Balaraba tana budurwa a lokacin. Ranar da ta fara ganin Tanimu, ranar kai wata ƙawarta ɗakin miji ce, shi ne mai ɗaukar bidiyon bikin. Yana tafe da baya da baya a gaban ayarin mata, kyamara a kafaɗa, hanya duk rami da duwatsu, amma kafaɗar nan ko motsi ba ta yi, sai ka ce ruwa ne yake ɗauke da shi. Da ya zo daidai inda take, sai ya taka mata silifas.

Ta ce, "Malam, idonka yana gaba, ƙafarka tana ɓarna a baya."

Ya ce, "Yi haƙuri, 'yammata. Shekara shida ina wannan tafiya, ban taɓa taka kowa ba."

"Wato ni ce marainiyar wayonka?"

"A'a. Yau ne dai na fara kallon gefe."

Ba a rufa shekara ba aka ɗaura musu aure. A ɗakinta ya faɗa mata sirrin tafiyarsa. Ya ce lokacin da yake koyon aiki, kwano yake cikawa da ruwa ya ɗora a ka, ya yi ta ƙetare tsakar gida har sai ya daina zubar da ko ɗigo. "Hoto ba ya son gardama," in ji shi. "In ƙafarka ta yi gardama, shi ma sai ya yi."

Wata rana da hantsi, bayan an ɗauke ruwan sama, tana da ciki wata biyar, ta ce masa, "Ka ɗauki kowa a garin nan, amma kai babu ka ko a faifai ɗaya."

Ya yi dariya. Ya kife turmi, ya ɗora kyamarar a kai, ya nuna mata inda za ta danna. Ya cika kwano da ruwa ya ɗora a ka, ya taka daga bakin zaure zuwa rijiya, ya juyo yana murmushi. Minti uku ne kacal. Ya zuba mata a faifai, ya ce ta ajiye wa mai zuwa.

Bayan wata biyu aka kira shi biki a ƙetaren gulbi. Damina ta yi nisa, ruwa ya cika. Kwale-kwalen da ya shiga ya kife a tsakiya. Sai washegari aka samo gawarsa.

Balaraba ta haifi mace, aka sa mata suna Hanne. To, kun san al'adarmu: mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kuma kama sunan ɗanta na fari, ba ta janyo shi a jiki a gaban mutane. Kunya ce, kuma ado ce. Amma ita Balaraba kunyarta ta haɗu da ciwon zuciya, suka zama dutse ɗaya a maƙogwaronta. Yarinyar nan ita ce duniyarta, amma "ke" take ce mata. Shi kuwa marigayin, ko "mai gidan nan" ta daina cewa.

Da Hanne ta shekara shida, sai ta fara tambaya.

"Inna, yaya babana yake?"

"Je ki ɗebo mini ruwa."

Washegari ta sake. "Inna, dogo ne?"

"Ke, ba ki ga ina tankaɗe ba?"

A rana ta uku Balaraba ta buɗe akwati, ta zaro faifan daga ƙarƙashin zannuwa. Tsohon talabijin ɗinsu mai ƙusumbi tsawa ta riga ta kashe shi, wanta ya aiko mata da wani sabo daga ƙasa mai nisa, siriri kamar faranti. Ta saka faifan, ta danna, kafin hoto ya fito ta yi waje ta shige madafa. Ba za ta iya kallo ba. A ranta ta ce, faifan zai faɗa wa yarinyar abin da bakina ya kasa.

Faifan kuwa ya faɗa, amma allon ya karkatar da maganar. Mutumin da ya fito a cikinsa yana tafe yana ɗan sarƙewa, ya ɗaga ƙafa ta maƙale kaɗan, sannan ta fizga gaba. Hanne ba ta taɓa ganin wani uban ba sai wannan. Kullum in ta dawo daga makaranta sai ta kunna, ta ɗora kwano a ka, ta tsaya a gefen allon tana bin sawunsa. In ya dogara, ta dogara.

Balaraba ta ga tafiyar 'yarta ta canja, hankalinta ya tashi. Ta kai ta wurin maɗori, ya lalluba ƙafar tun daga ƙugu har yatsu, ya ce ƙashi lafiya lau. Aka je asibiti, aka ce ba a ga komai ba. Aka sha rubutu, aka yi turare. Abu biyu ne Balaraba ba ta yi ba: ba ta taɓa zama ta tambayi yarinyar ba, ba ta kuma taɓa leƙa ɗakin in faifan yana juyawa ba. Haka aka ci shekara bakwai.

Wata ranar Laraba, a bakin famfon unguwa, ta jiyo 'yan mata suna tsokanar Hanne.

"Ku ba gurguwa hanya, kada ta kwana a layi!"

Hanne ta ɗaga kai, ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Ku yi ta dariya. Tafiyar babana ce. Gado na yi."

Bokiti ya suɓuce daga hannun Balaraba. Ta koma gida da sauri, ta kunna faifan, ta tsaya a gabansa karo na farko. Ga zauren, ga rijiyar, ga murmushin. Amma mutumin da ruwa ke ɗauke da shi, ga shi nan yana tuntuɓe a kan iska.

Da Hanne ta shigo, Balaraba ta ce, "Ke, ba haka yake tafiya ba."

"Ga shi ina gani, Inna."

"Na ce miki ba haka ba ne."

Hanne ta ce a hankali, "Kin manta shi ne. Ko sunansa ban taɓa ji a bakinki ba. Ni kuwa kullum muna tare."

Maganar nan ta fi mari zafi. Balaraba ta gane cewa in ta yi shiru yau ma, Tanimu na gaskiya zai mutu a karo na biyu, sai na allo ya rage.

Ranar kasuwa ta naɗe allon da faifan a zane, ta ɗora a ka, Hanne tana biye da ita, suka je shagon Malam Jatau mai gyaran kayan wuta, wanda tare da Tanimu suka koyi aiki. Ya kunna, ya kalla kaɗan, ya girgiza kai.

Ya ce, "Allah ya jiƙan maza. Wannan ba tafiyar abokina ba ce. Faifanki lafiyarsa ƙalau, Balaraba, allon ne bai san kiɗan ba."

"Wane irin kiɗa, Malam?"

"Kin san lugude? In mata biyu suna daka a turmi ɗaya, hannunsu bai zo ɗaya ba, ai taɓarya sai ta riƙa karo. Kyamararsa hoto ashirin da biyar take ɗauka a sakan ɗaya. Wannan allon kuwa sau sittin yake ƙiftawa. Raba mini sittin tsakanin mutum ashirin da biyar, kowa ya samu daidai."

"Ba za ta rabu ba."

"To, shi ne. Wani hoton ya samu ƙiftawa biyu, wani ya samu uku, sai ƙafa ta riƙa maƙalewa. Amma in na mayar da shi hamsin, kowa biyu-biyu, babu rigima."

Ya ɗauki rimot ya danna sau huɗu ko biyar. Abin da ya ci shekara bakwai, bai kai shan kofin ruwa ba wajen gyaruwa. Tanimu ya taso daga bakin zaure sumul, kwano a ka, ruwan ko rawa ba ya yi.

Hanne ta kalla har ƙarshe. Sannan ta miƙe, ta gwada takawa daga bakin shagon zuwa teburin. Taku ɗaya, biyu, ƙafar ta dogara. Ta koma ta sake. Ta dogara. Ƙafa ta riga ta haddace.

Ta durƙusa ta fashe da kuka. "Shekara bakwai ina bin bayan wanda ba shi ba!"

Malam Jatau ya sunkuyar da kai, ya shiga juya wata waya da ba ta buƙatar juyawa. Balaraba ta dubi mutanen da ke wucewa a bakin shagon, ta ji dutsen nan ya taso mata a maƙogwaro kamar kullum. Wannan karon ba ta haɗiye shi ba. Ta durƙusa a gaban kowa, ta rungume 'yarta ta fari.

Ta ce, "Hanne."

Yarinyar ta ɗago da sauri, don ba ta taɓa jin sunanta da wannan muryar ba.

"Hanne, ba allo ne ya karya miki tafiya ba, shirun da na yi ne. Sunan babanki Tanimu. Dogo ne. Ya taka mini silifas ranar da na fara ganinsa. Na yi miki alkawari, daga yau duk abin da kika tambaye ni a kansa zan faɗa miki, ko a tsakiyar kasuwa ne, har ranar da za a rufe ni."

Ta cika alkawarin, amma ƙafar Hanne ba ta taɓa miƙewa ba. Da labarin ya zaga gari, 'yan matan da suka yi mata dariya a bakin famfo kunya ta kama su, suka riƙa dogarawa tare da ita in za su ɗebo ruwa, don kada ta yi tafiyar ita kaɗai. Ƙannensu suka gani suka ɗauka, 'ya'yansu suka taso suka tarar.

Shi ya sa har yau, in kuka ga 'yar Rafin Kanya ta ɗaga ƙafa ta ɗan tsaya kafin ta sauke, kada ku yi mata dariya. Wannan ɗan tsayawar, daidai wurin da Balaraba ta yi shiru ne.